Turancin diflomasiyya: a haddace jerin kalmomi ko a zauna da ƙudurori?

Ɗalibin Hulɗar Ƙasashe:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga mu shiga harkar. Turancina na yau da kullum ba laifi, ina karanta jarida in gane. Amma da zarar na ɗauko ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya ko sanarwar bayan taron shugabanni, sai in ga kowace kalma na san ta, amma ban san inda jimlar ta dosa ba. Na tara kalmomi a littafi da ma'anarsu ina bita. Matsalar ita ce "truce" da "ceasefire" da "armistice" duk a gabansu abu ɗaya na rubuta: tsagaita wuta. To me ya sa suke da uku? Ta ina zan ɓullo wa abin?

Malamar Turanci:
Wa alaikumus salam. Kada ka yar da littafin nan, ɗana. Wanda bai san ma'anar kalma ta farko ba, ba zai kai ga ta biyu ba. Gyaran da zan yi maka ɗaya ne: ka daina rubuta kalma ita kaɗai. Rubuta ta tare da aikatau ɗin da take tafiya da shi. Takunkumi a Turanci ana "impose" ɗinsa, ana "ease", ana "lift". Yarjejeniya ana "sign", daga baya a "ratify". Tsagaita wuta ana "broker" ɗinta, tana "hold" ko ta "collapse". A nan ɗalibai suka fi faɗuwa: sun san sunan, sai su manna masa aikatau ɗin da ba nasa ba.

Tsohon Tafinta:
Malama ta faɗi gaskiya, amma ni zan ƙara da abin da jeri ba zai taɓa koya maka ba. Kalmomin nan ba a kwance suke gefe da gefe ba, tsani ne, kowace da matakinta, kuma masu rubuta ƙuduri suna iya kwana suna jayayya kan ko a hau mataki ɗaya ko a sauko.

Ɗauki yadda ake nuna rashin jin daɗi. A can ƙasa akwai "takes note", wato mun ji, ba mu ce komai ba. Sai "expresses concern", nuna damuwa, wanda ake ƙara masa nauyi da "deep" ko "grave". Sai "regrets", sai "deplores", sai "condemns", har a kai ga "condemns in the strongest terms". Haka ma wajen neman a yi wani abu: "encourages" lallashi ne, "calls upon" kira ne, "urges" ya fi shi matsi, "demands" ya kai bango, "decides" kuma a bakin Kwamitin Sulhu hukunci ne, domin Sashe na 25 na Kundin Majalisar ya ce ƙasashe sun yarda za su karɓi abin da kwamitin ya yanke su aiwatar.

Ga misali da za ka iya dubawa yau. Ranar 2 ga Maris 2022 Babban Zauren Majalisar ya yi ƙuri'a kan shigar Rasha Yukren: ƙasashe 141 suka amince, 5 suka ƙi, 35 suka ƙaurace. Kalmar da aka sa wa farmakin kansa ita ce "deplores in the strongest terms". Mai neman ƙuri'u da yawa dole ya zaɓi matakin da ƙasashe da yawa za su iya tsayawa a kai. In ka haddace cewa "deplore" tir ne, "condemn" ma tir ne, to ba za ka lura da cewa an yi ciniki a wurin ba.

Game da ukun da ka tambaya: "truce" ya fi zama dakatawa ta ɗan lokaci, sau da yawa ba a ma rubuta ba. "Ceasefire" ya fi tsari, yakan zo da sharuɗɗa da masu sa ido. "Armistice" yarjejeniya ce a rubuce da ke tsayar da faɗa gaba ɗaya, amma ba ita ce yarjejeniyar zaman lafiya ba. Koriya ce darasin: an rattaba hannu a Panmunjom ranar 27 ga Yuli 1953, Koriya ta Kudu ma ba ta sa hannu ba, kuma har yau ba a ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya ba.

Ɗan Jarida Mai Aikin Dare:
Baba Tafinta, ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. A ɗakin labarai duk matakan nan naka "Allah wadai" suke komawa. Labari ya shigo saura minti kaɗan a shiga iska, wa ke da lokacin auna mataki? Kuma mai sauraro yana son kalmar da ya saba.

Tsohon Tafinta:
Ban ce aikin ba wuya ba. Amma Hausa ba ta rasa matakan ba: ta lura, ta nuna damuwa, ta nuna takaici, ta yi tir, ta yi Allah wadai, ta yi kakkausar suka. In ƙasa ta nuna damuwa kawai ka ce ta yi Allah wadai, ka ɗora mata maganar da ta guje wa da gangan. Wani lokacin gujewar ce ma labarin.

Mai Shakka:
Ku yi haƙuri in ɓata muku hira. Duk wannan wasan manya ne. Ko sun yi tir ko sun yi Allah wadai, bam ɗin da zai faɗa zai faɗa. Yaro ya haddace kalmominsa ya ci jarrabawa, kada ku cika masa kai da cewa akwai wani sirri a cikin takardun da masu ƙarfi ke takawa duk ran da suka ga dama.

Lauya Mai Koyon Sana'a:
Yaya Mai Shakka, in da kalmomin ba su da nauyi, da masu ƙarfin ba su wahalar da kansu wajen guje musu ba. Bari in kawo uku.

A Oktoba 1962, da Amurka ta gano makamai masu linzami na Tarayyar Sobiyet a Kyuba, Shugaba Kennedy ya tura jiragen ruwan yaƙi su tare hanya. Bai kira abin "blockade" ba, ya ce "quarantine", kalmar da aka fi sani wajen killace masu cuta. Dalili: a dokar ƙasa da ƙasa "blockade", wato toshe wa ƙasa hanya da ƙarfin soja, aikin yaƙi ne, kuma ba ya son ya zama shi ya fara shelanta yaƙi.

A 1994, ana tsakiyar kisan Ruwanda, jami'an Amurka sun yi ta kewaye-kewaye, suna cewa an aikata "acts of genocide", suna ƙin furta kalmar ita kaɗai. Yarjejeniyar 1948 kan kisan ƙare-dangi ta ɗora wa ƙasashe nauyin hanawa da hukuntawa. Furta sunan zai jawo tambayar: to me kuke jira?

Na uku ya fi ba ni mamaki. A taron sauyin yanayi na Paris, Disamba 2015, daftarin ƙarshe ya fito da "shall" a Sashe na 4, inda ake magana kan rage hayaƙin ƙasashe masu arziki. Tawagar Amurka ta tsaya kai da fata sai an mayar da shi "should". Na farko wajibi ne a doka, na biyu abin da ya kamata ne. Da an bar wajibin, da an shiga batun kai yarjejeniyar gaban majalisar dattawan Amurka, inda ba ta da alamar tsallakewa. Aka jinkirta zaman rufewa, aka gyara a matsayin kuskuren rubutu. Waɗannan kalmomi biyu tun a ƙaramin aji ake koyar da su, babu wanda zai sa su a jerin kalmomin diflomasiyya.

Malamar Turanci:
Wannan na ƙarshen zan ɗauka in kai aji. Mukan koyar da su a matsayin nahawu, ɗalibai na hamma.

Mai Shakka:
To Malam Lauya, ka kawo naka, ga nawa. A Nuwamba 2002 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1441 kan Iraƙi, duka 15 suka amince. Ya yi gargaɗin "serious consequences". Bai ba da izinin yaƙi ba. Maris 2003 aka shiga Iraƙi. Ina nauyin kalmar ya tafi? Sannan a 1994 Yukren ta yarda ta rabu da makaman nukiliyar da ta gada, Amurka da Birtaniya da Rasha suka sa hannu a Budapest cewa za su mutunta iyakokinta. Ka ga yadda ta ƙare.

Lauya Mai Koyon Sana'a:
Misalanka biyu duk nawa ne, Yaya. A Nuwamba 1990, da ake son fitar da Iraƙi daga Kuwaiti, ƙuduri na 678 ya ce "all necessary means". Wannan ita ce jimlar da kowa a zauren ya san tana nufin an halatta amfani da ƙarfi, duk da ba a ambaci yaƙi ba. A ƙuduri na 1441 babu ita, kuma ba mantuwa aka yi ba: Faransa da Rasha ba za su yarda da ita ba. Shi ya sa Birtaniya da Amurka suka koma neman ƙuduri na biyu a farkon 2003, da suka ga ba zai wuce ba suka janye shi. An yi yaƙin, gaskiya ne. Amma saboda rashin waɗannan kalmomi uku ne Kofi Annan, Sakatare-Janar na Majalisar a lokacin, ya iya fitowa a Satumba 2004 ya ce yaƙin ya saɓa wa Kundin Majalisar.

Na Budapest kuwa, duba sunan takardar a Turanci: "assurances" aka rubuta, ba "guarantees" ba. Amurka ta kula sosai da bambancin, domin ta biyun tana iya nufin alƙawarin kawo ɗauki da soja irin na ƙawancen NATO. Abin da aka ba Yukren ya gaza haka tun a kan takarda. Rasha ta karya abin da ta sa wa hannu, wannan babu jayayya. Amma wanda ya iya karanta kalmar ya san tun ranar cewa babu wanda ya ɗauki alƙawarin turo sojansa.

Mai Shakka:
Wato kalmar tana gaya maka yadda za a yashe ka tun kafin a yashe ka. Na gode, wannan ma ilimi ne.

Tsohon Tafinta:
Ka faɗe shi da gatse, amma kusan haka ne. Ba wanda ya ce takarda tana tare harsashi. Abin da take yi shi ne nuna iyakar abin da kowa ya yarda ya ɗauka, kuma ɗalibin da ya buɗe zancen nan abin da yake son ya iya karantawa ke nan.

Akwai wani fanni da ba a taɓo ba, wanda ya fi wahalar da mai koyo: inda aka bar magana a dunƙule da gangan. A makaranta an koya mana cewa rubutu mai kyau shi ne wanda ba ya ɗaukar ma'ana biyu. A diflomasiyya wani lokacin sai jimla ta ɗauki ma'ana biyu kafin ɓangarorin su sa hannu.

Ƙuduri na 242, na 22 ga Nuwamba 1967, bayan yaƙin kwana shida, Birtaniya ce ta gabatar da shi. Turancin ya nemi Isra'ila ta janye "from territories occupied", babu "the", babu "all". Na Faransancin ya ce "des territoires occupés", wanda ake iya karantawa a matsayin yankunan gaba ɗaya. Isra'ila ta riƙe cewa ba a ce duka ba. Ƙasashen Larabawa suka riƙe na Faransancin, da kuma gabatarwar ƙudurin da ta ce ba a yarda a mallaki ƙasa ta hanyar yaƙi ba. Fiye da shekara hamsin ana wannan jayayya a kan ƙaramar kalmar da ɗalibanmu ke yarwa ko su ƙara ba tare da sun lura ba.

Sai na Amurka da Sin. A sanarwar Shanghai ta Fabrairu 1972, lokacin ziyarar shugaban Amurka Nixon, Amurka ta ce ta "acknowledges" cewa Sinawa na ɓangarorin biyu na mashigin Taiwan suna riƙe da cewa Sin ɗaya ce kuma Taiwan ɓangarenta ce. Da aka ƙulla cikakkiyar hulɗa a farkon 1979, Amurka ta "recognizes" gwamnatin Beijing a matsayin halattacciyar gwamnatin Sin, amma kan Taiwan ta sake komawa "acknowledges". Ta farkon amincewa ce a hukumance. Ta biyun tana iya tsayawa a: na ji abin da ka ce, na san matsayinka ke nan. In ka fassara duka biyun da "ta amince", ka sauya manufar Amurka ta shekaru da dama a jimla ɗaya.

Ɗan Jarida Mai Aikin Dare:
Irin wannan ne na jirgin leƙen asiri na 2001. Jirgin Amurka ya yi karo da na yaƙin Sin, matuƙin Sin ya mutu, na Amurka ya sauka a tsibirin Hainan na Sin da mutum 24, aka riƙe su kwana 11. Sin ta ce sai an nemi gafara. Wasiƙar da jakadan Amurka ya miƙa ta ce "very sorry" sau biyu, ba ta ce "apologize" ba. Beijing ta gaya wa mutanenta an ba da haƙuri, Washington ta gaya wa nata jaje kawai ta yi. Aka saki mutanen.

Ɗalibin Hulɗar Ƙasashe:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Amma abin ya ƙara ba ni tsoro. In kowace kalma sai na san tarihin da ke bayanta, yaushe zan gama? A aikace me zan riƙa yi?

Malamar Turanci:
Ba su kai yawan da kake tsammani ba. Harshen ƙudurori maimaituwa ne, kalmomin aiki 'yan kaɗan ne ke ta juyawa. Ɗauki ƙuduri gajere. Za ka ga kashi biyu. Na sama gabatarwa ce, sakin layinta na farawa da kalmomi irin "recalling" da "reaffirming", ba su da lamba. Na ƙasa shi ne na aiki, yana da lambobi, kowane yana farawa da aikatau. Ja layi a ƙarƙashin aikatau ɗin nan kaɗai, ka karanta su a jere. Kafin ka karanta sauran za ka san ko ƙudurin yana da haƙori. Ka duba kuma ko an ce ana aiki ne a ƙarƙashin Babi na 7 na Kundin Majalisar, domin a nan ne Sashe na 41 na takunkumi da Sashe na 42 na amfani da ƙarfi suke.

Kuma tunda Majalisar tana fitar da takardunta a harsuna shida, Larabci da Sinanci da Turanci da Faransanci da Rashanci da Sifaniyanci, in kana jin Larabci ko Faransanci ka ajiye biyun gefe da gefe. Kyauta suke a shafinta na intanet.

Tsohon Tafinta:
Ƙari ɗaya: a littafin naka, maimakon ma'ana, rubuta abin da ya faru. A gaban "persona non grata" kada ka tsaya a "wanda ba a so". Rubuta: Yarjejeniyar Vienna ta 1961, Sashe na 9, ƙasa na iya korar jami'in diflomasiyya ba tare da ta faɗi dalili ba, Birtaniya ta kori 23 na Rasha a Maris 2018 bayan harin guba na Salisbury. A gaban kiran jakada gida "for consultations" rubuta: Faransa ta yi wa Amurka da Ostareliya haka a Satumba 2021 kan cinikin jiragen ƙarƙashin ruwa, fushi ne, ba yanke hulɗa ba. Nan ma akwai matakai: a kira jakadan wata ƙasa a yi masa ƙorafi, a kira naka gida, a rage matsayin wakilci, a ƙarshe a yanke hulɗa. Kalmar da ke da labari a bayanta ba ta saurin guduwa daga kai.

In kuma ka ji an ce shugabanni biyu sun yi tattaunawa "frank", to sun yi sa-in-sa ne. In "constructive" ce, ba a tashi baram-baram ba, amma kada ka yi tsammanin an cimma wani abu.

Lauya Mai Koyon Sana'a:
Wani abin da zai ba ka dariya: kalmar "veto", hawa kujerar na-ƙi da muke ji kullum, babu ita a Kundin Majalisar. Sashe na 27 cewa ya yi ana bukatar ƙuri'u 9 har da amincewar ƙasashe biyar masu kujerar dindindin. A zahirin lafazi, ƙauracewa ba amincewa ba ce, amma al'adar kwamitin ta daɗe da ɗaukar cewa ƙauracewa ba ta kashe ƙuduri. Shi ya sa ƙuduri mai lamba 1973 kan Libiya ya wuce a Maris 2011 da ƙuri'u 10, Rasha da Sin suna cikin biyar da suka ƙaurace. Daga baya Rasha ta yi ta ƙorafin cewa izinin kare farar hula aka bayar, aka mayar da shi na kifar da gwamnati.

Mai Shakka:
To ga tambaya ga masu tsani. A Nuwamba 2023 ƙuduri na 2712 kan Gaza ya nemi "humanitarian pauses", saboda Amurka ba ta son kalmar tsagaita wuta. Ranar 25 ga Maris 2024 na 2728 ya wuce da ƙuri'u 14, Amurka ta ƙaurace, kuma ya ce "demands" a tsagaita wuta nan take domin watan Ramadan. A lissafin Baba Tafinta wannan ya kai bango. Ba a tashi daga wurin ba jami'an Amurka suka ce ƙudurin ba ya ɗaure kowa. Wanne ɗalibin zai rubuta a littafinsa?

Tsohon Tafinta:
Duka biyun, da sunan wanda ya faɗi kowanne. Masu goyon bayan Amurka sun kafa hujja da cewa ba a ce "decides" ba, ba a kuma ambaci Babi na 7 ba. Sauran mambobi da dama suka ce Sashe na 25 bai taƙaita ga Babi na 7 ba.

Lauya Mai Koyon Sana'a:
Kuma masu wannan ra'ayi na biyun suna da madogara. Kotun Duniya ta taɓo batun a ra'ayin da ta bayar kan Namibiya a 1971. Ta ce Sashe na 25 bai tsaya kan matakan Babi na 7 kaɗai ba, kuma kafin a ce ƙuduri ya ɗaure ko bai ɗaure ba sai an duba lafazinsa, da muhawarar da ta kai ga zartar da shi, da sassan Kundin da aka ambata a ciki. Wato ko bayanan da jakadu suka yi bayan ƙuri'a suna cikin abin karantawa.

Mai Shakka:
Ra'ayin shawara ne ai, ba hukunci ba. Shi kansa bai ɗaure kowa ba.

Lauya Mai Koyon Sana'a:
Haka ne, Yaya, amma shi ake jawowa duk lokacin da gardamar ta tashi, kuma ban ga wanda ya kawo abin da ya ture shi ba. In kana da shi, ɗora mana a nan mu karanta.